Ina So In Ɗaure Birkin Motata da Kaina, Maiɗakina Ta Ce Ba da 'Ya'yanta Ba

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Bukuru, kusa da Jos. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2005, da ita nake kai yara makaranta, da ita kuma muke zuwa gida Lafiya duk hutu. Tun damina birkin ya canza mini. In na taka sai ƙafata ta yi nisa kafin ya kama, amma in na saki na sake takawa nan take sai ya kama tun daga sama. Hambirki kuwa ko na ja shi har ƙarshe, motar sai ta silale a gangaren ƙofar gidana in ban sa dutse ba. Na sha kai wa bakanikena. Kullum sai ya ɗaure wani noti a gindin hambirkin, ya ƙara man birki, in biya, bayan 'yan makonni mu koma gidan jiya. Matsalar ita ce ɗan maƙwabcina ne, sahu ɗaya muke sallah da mahaifinsa, ina jin nauyin in canza shi. Na kalli bidiyoyi a YouTube, na ga ɗaure birkin baya ba wani abin a zo a gani ba ne, har na sayi kayan aiki. Amma maiɗakina ta ce ranar da na taɓa birkin nan da hannuna, ranar ita da yara za su daina shiga motar. Har mun ɗan yi sa-in-sa. Shin in yi ko in haƙura? In zan yi, ta yaya?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare ka da iyalinka.

Kafin komai, don Allah kada ka ɗauki hanyar Lafiya da motar nan a yadda take. Ka fi ni sanin gangaren Hawan Kibo. Motar da birkinta na baya bai kamawa da wuri, kusan duk aikin tsayarwa yana komawa kan ƙafafun gaba, ga iyali ga kaya a but, ga gangara mai tsawo. A irin wannan wurin ne birkin gaba yake ɗaukar zafin da ya fi ƙarfinsa. Ko a cikin gari ma ka rage gudu, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da na gabanka har a gama gyaran. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da mota take ci kafin ta tsaya yana ninkawa kusan sau huɗu.

Game da tambayarka, amsata ita ce za ka iya, amma da iyaka, kuma iyakar a fili take. Duk abin da yake busasshe a cikin diram (kaskon ƙarfen da ke juyawa tare da tayar baya), wato shu (ƙarafa masu fatar birki) da sifirin da ajasta (ƙusar daidaita tazarar shu), mutum mai natsuwa zai iya koyonsa ya yi da hannunsa. Duk abin da ya shafi man birki, wato silinda da bututu da masta (famfon da fedar birki ke turawa ya aika mai zuwa ƙafafu) da cire iska, wannan na bakanike ne har sai ka ga an yi a gabanka ka fahimce shi sarai. Na tsaya a kan wannan iyakar ne saboda kuskure a ɓangaren farko yawanci yana nuna kansa tun kana ƙofar gida: taya ta riƙe, ko ta yi ƙara, ko diram ya yi zafi. Kuskure a ɓangare na biyu kuwa yana iya yin shiru sai ranar da ka fi bukatar birkin.

To, ta yaya za ka san ɓangaren da matsalarka take? Alamun da ka faɗa sun riga sun yi rabin bayanin. Fedar da ke yin nisa amma ta kama da ƙarfi, in an sake takawa kuma ta hau sama, ga hambirki ya yi tsawo a lokaci guda, wannan galibi tazara ce ta yi yawa tsakanin shu da diram. A cikin diram akwai shu guda biyu masu siffar baka. In ka taka birki, mai yana tura wata 'yar silinda da ke sama, ita kuma ta ware shu ɗin su manne da cikin diram. In fatarsu ta ci, sai sun yi tafiya mai nisa kafin su taɓa ƙarfe, wannan tafiyar ce kake ji a ƙafarka. Takawa ta biyu tana kamawa a sama ne don shu ɗin ba su gama komawa mazauninsu ba.

Amma kada ka tsaya a kan zato. Ka tayar da injin, motar na tsaye, ka taka birki ka riƙe da ƙarfi kamar rabin minti. In fedar ta tsaya cak inda ta kama, madalla. In kuwa ta riƙa nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafarka, to mai yana zurarewa, ko dai a cikin masta ko a wani wuri a waje, kuma ɗaure shu ba zai yi maganin wannan ba. In ta yi laushi tana lotsawa, akwai iska a bututu. Waɗannan biyun, ka ajiye sifanarka ka nemi gwani.

Akwai wata magana a wasiƙarka da ta fi tsaya mini a rai: ka ce kullum yana ƙara mai. Man birki ba ya ƙonewa kamar man injin. Yana ɗan sauka a hankali yayin da fatar birkin gaba ke cinyewa, shi ke nan. In ana ƙarawa duk bayan 'yan makonni, to man yana fita ta wani wuri, kuma wurin da aka fi kama shi shi ne silindar da ke cikin diram, inda ido ba ya gani sai an buɗe. Ka duba gwangwanin man da kanka, ka yi masa alama da biro a inda man ya tsaya, ka sake dubawa bayan kwana biyu ko uku. Ka leƙa bayan tayoyin baya ta ciki, ko za ka ga danshi mai maiƙo.

Shi kuwa notin da yaron yake ɗaurewa a gindin hambirki, na wayar hambirkin ne. Ɗaure shi yana rage tsawon ja na ɗan lokaci, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Ƙa'idar aikin ita ce a fara daidaita shu a cikin diram, sannan a duba waya. In aka juya tsarin, wayar da aka matse tana ɗage shu daga inda ya kamata su zauna, a wasu motocin ma tana hana ajasta yin aikinta. Ba ina cewa yaron ya cuce ka da gangan ba ne. Da yawa haka suka ga ogansu yana yi, kuma mai mota yakan tafi da murna tunda hambirkin ya gajarta.

Ka kuma sani cewa an ƙera birkin nan ne don ya riƙa ɗaure kansa. Ajasta wata doguwar ƙusa ce mai zare da ke tsakanin shu biyu, tana da ɗan faifai mai haƙora, da wani siririn ƙarfe da ke tura haƙoran ɗaya bayan ɗaya duk lokacin da tazara ta ƙaru. A wasu motocin jan hambirki ne ke motsa ta, a wasu taka birki. In har tazara ta yi yawan da kake ji a ƙafa, to tambayar gaskiya ita ce me ya hana ajastar aiki. Ka ce tun damina abin ya fara, ni kuwa zan fi zargin ruwa da laka da tsatsa sun daskarar da zaren. In ka juya haƙoran kawai ba ka wanke ta ba, bayan 'yan watanni kai ma za ka koma gidan jiya da hannunka.

Ga yadda aikin yake.

Ka nemi ƙasa mai tauri da ba gangara, ba ƙofar gidanka ba tunda ka ce gangare ne. Ka sa giya, in mai canza giya da kanta ce ka sa ta a P. Ka sa weji a gaba da bayan tayoyin gaba, domin dole ka saki hambirki gaba ɗaya, in ba haka ba diram ba zai fito ba. Ka sassauta notocin taya tun tana ƙasa, sannan ka ɗaga. Ina roƙonka kada ka amince wa jak shi kaɗai, kada kuma ka tokare mota da bulon siminti, yana fashewa ba gargaɗi. Ka samu ƙarfen tokare mota na ainihi, in babu to katako mai kauri, ka kuma tura tayar da ka cire ƙarƙashin bodin. Mutane sun rasa hannu da ƙafa, wasu har rai, a kan aikin da ya fi wannan ƙanƙanta.

In ka cire taya, diram ɗin Corolla zare shi kawai ake yi. Sau da yawa yakan ƙi fitowa saboda tsatsa. Za ka ga ƙananan ramuka biyu masu zare a fuskarsa, ka ɗaura ƙusoshi masu kaurin milimita 8 a ciki, kana juya wannan kaɗan kana juya wancan kaɗan, za ka ji ya yi ƙara ya saki. In ya motsa amma yana jan shu tare da shi, kada ka tilasta. Ka leƙa bayan farantin da shu suke zaune a kansa, akwai wani rami da aka toshe da roba, ta nan ake sa siririn sukudireba a ture siririn ƙarfen nan mai tura haƙoran ajasta, a sa na biyu a mayar da haƙoran baya har shu su saki. Wannan bayanin na irin motarka ne. Masu Golf 3, naku daban yake: boris ɗin taya a cikin diram yake, kuma ajastarku wani ƙarfe ne mai siffar weji, don haka kada ku ɗauki wannan ku aiwatar kai tsaye.

Da diram ya fito, abu uku kafin ka taɓa komai. Ka ɗauki hoto da wayarka ta kusurwa biyu ko uku. Kada ka buɗe ɗaya ɓangaren har ka wargaza shi, ka bar shi a haɗe ya zama abin dubawarka. Sannan ka gaya wa duk wanda ke kusa, musamman yara, kada wanda ya taka birki diram na waje, domin fistin silindar zai fito, mai ya tsiyaye, ƙaramin aiki ya zama babba.

Za ka tarar da baƙar ƙura ta cika wurin. Kada ka hura ta da baki ko da iskar famfo. An daɗe ana haɗa fatar birki da asbestos, wanda ƙurarsa ke lalata huhu har ta kai ga ciwon daji bayan shekaru, kuma ba ka da hanyar sanin abin da ke cikin shu ɗin da aka sa maka. Ka sa takunkumi, ka jiƙa ƙurar da maganin feshi na wanke birki, ka goge da tsumma, ka yar da tsumman. Ban da fetur, ban da kalanzir, ban da baƙin mai, duk suna kumbura robobin silinda.

Yanzu ka kai idonka kan silindar da ke sama. Tana da murfin roba a kowane gefe. Ka ɗaga bakin robar a hankali da yatsa. In ciki a bushe yake, ci gaba. In ka ga mai ya taru, ko ƙurar wurin ta zama baƙar laka mai danƙo, to ka gano inda man da ake ƙara maka yake tafiya, kuma aikinka na yau ya ƙare a nan. Silinda sai an canza ta an cire iska. Shu ɗin da ya sha mai kuma ba ya wankuwa, ko an ƙona shi ko an goge da samfefa, man yana ciki, zafi zai sake fito da shi. In wani ya ce maka a toshe bututun wannan ƙafar da ƙusa ko a matse shi a wuce wurin, kada ka yarda ko da kyauta ne. Mota mai birki a ƙafa uku tana fizgewa gefe guda a lokacin da aka taka da ƙarfi.

In komai a bushe yake, sai ka duba kaurin fatar shu. Mafi ƙarancin da Toyota ta yarda da shi milimita 1 ne, amma ni in ta kusa milimita 2 cewa nake a canza, tunda an riga an buɗe. Ka duba ko ta tsage, ko ta fara ɓanɓarewa daga jikin ƙarfenta. Ana canza shu na ƙafafun baya biyu ne tare, ba a yin ɗaya a bar ɗaya. Ka kuma guji tsofaffin shu da aka sake manna musu fata a bakin titi, araha ba ta ado a nan, domin in fatar ta ɓalle a cikin diram tana iya kulle taya kana cikin gudu. Shi ma diram ka shafa cikinsa da yatsa. A jikinsa an rubuta iyakar faɗin da aka yarda ya kai, a irin motarka faɗin sabo milimita 200 ne, iyaka 201. In ya yi zurfin kwari ko ya tsage, ya gama aiki.

In canjin shu ya kama, shawarata ka yi na farko tare da wanda ya iya. Sifirin ɗin nan suna da ƙarfi, suna kuɓucewa daga filaya su nufi ido, kuma kowanne da raminsa. Haka ma ajastar dama da ta hagu, zarensu ba iri ɗaya ba ne, in aka musanya su sai birkin ya riƙa sassauta kansa maimakon ɗaurewa.

In kuwa shu ɗin suna da sauran rai, to ga asalin abin da ka zo yi. Ka fara sassauta notin wayar hambirkin nan da aka yi ta ɗaurewa, har wayar ta saki. Ka tabbatar haƙoran ajasta suna juyawa da yatsa ko da ɗan turin sukudireba. In sun daskare, a wanke zaren a shafa masa giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kamar ƙwayar gero, kada ko ɗigo ya taɓa fatar shu ko cikin diram. Sai ka juya haƙoran ta wajen da suke yin ƙas-ƙas, wannan ne wajen buɗewa. Ka ƙara kaɗan, ka mayar da diram, ka juya shi da hannu. Ka ci gaba a haka har ka fara jin shu na shafar diram. A nan ne mutane da yawa suke kuskure, suna tsayawa. Ka mayar da diram na ɓangarorin biyu, ka shiga mota ka taka birki sau da yawa don shu su zauna tsakiya, ka dawo ka sake juyawa. Sau da yawa za ka tarar shafar ta ɓace, sai ka ƙara. Abin da kake nema shi ne diram ya juya da hannu ɗaya ba tare da wahala ba, da ɗan sautin shafa da ƙyar ake ji. Tazarar da kamfanin ya ƙayyade kusan milimita 0.6 ce, wato ba ta kai kaurin katin ATM ba. In ya riƙe, ka mayar da haƙoran baya. Ɓangarorin biyu kuma su zama daidai da juna.

Na fi jin tsoron ka matse da yawa fiye da ka bar shi ɗan sako-sako. Birkin da ke shafa kullum yana zafi, zafin yana ƙona fata, yana shiga man birki. Sabon man birki irin wanda ake kira DOT 3 sai ya kai digiri 205 na Celsius yake tafasa, amma man birki yana shan danshin iska, wanda ya tsufa yana iya tafasa a wajen digiri 140. In ya tafasa, tururi ne a bututu, feda ta tafi ƙasa ba abin da ya kama. Shi ya sa ake so a canza man gaba ɗaya kamar duk shekara biyu, kuma a sa irin wanda aka rubuta a murfin gwangwanin, daga sabuwar roba da ba a buɗe ba.

Sai bayan an gama da shu ake komawa kan hambirki. Ka ja shi kana ƙirga ƙas-ƙas, a motarka ana son ya kama tsakanin 6 zuwa 9. In ya wuce haka sai ka ɗaure notin kaɗan-kaɗan. In ka sake shi, tayoyin biyu su juya ba riƙewa. Ka mayar da tayoyi, ka ɗaure notoci a tsallake ba a jere ba, ka ƙarasa ɗaurewa bayan motar ta sauka.

Gwaji kai kaɗai za ka yi shi, ba yaro ko ɗaya a ciki. Ka taka birki tun kafin ka motsa. Ka samu hanyar da ba mutane, ka gwada tsayawa a gudun kilomita 20, sannan 40, ka lura ko tana ja gefe. Ka yi tafiyar 'yan kilomitoci ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya ka kai bayan hannunka kusa da kowane diram ba tare da ka taɓa ba. Ɗumi ba laifi. In ɗaya yana huci ko yana warin ƙuna, ka matse shi da yawa, ka koma ka sassauta. Daga nan sai gangaren ƙofar gidanka, ka ja hambirki ka ga ko za ta tsaya ba dutse.

Maganar uwargida kuwa, Malam, ina bayanta fiye da yadda za ka so. Ba raina ka ta yi ba. Ita abin da ta gani shi ne mutumin da bai taɓa buɗe birki ba yana shirin koyo a kan motar da ke ɗaukar 'ya'yanta, kuma ba ta da hanyar tantance ko ya yi daidai. Ƙin amincewa a nan hankali ne. Gardama ba za ta sauya mata ra'ayi ba, don haka ka ba ta abin da za ta riƙe. Ka ce mata ba za ka taɓa ɓangaren mai ba, ba wanda zai shiga motar sai ka gama gwaji, kuma kafin yara su shiga za ka kai wa ƙwararren mai birki ya buɗe ya duba aikinka. Ka cika ukun nan. In bayan haka ta ce hankalinta bai kwanta ba, ka bar mata wannan karon, ka kai a yi a gabanka kana kallo. Ba ka yi asara ba, don ilimin da ka samu shi ne zai hana a sake sallamarka da ɗaurin noti.

Shi kuma ɗan maƙwabcinka, ba sai ka yi faɗa da shi ba, ba kuma sai maganar ta kai ga mahaifinsa ba. Ka je da safe lokacin da garejin bai cika ba, ka ce masa kana so a cire diram biyun a gabanka ku duba silinda da ajasta tare, za ka biya kuɗin aikin. In ya buɗe ya nuna maka ya yi bayani, ka samu bakanike ka kuma samu malami a unguwarku. In ya ce ba sai an buɗe ba, ka ci gaba da kai masa juyen mai da ƙananan gyare-gyare, birkin kuma ka kai wa wanda sana'arsa ke nan. Duk wanda ya canza maka wani abu, ka ce ya ba ka tsohon da ya cire ka gani da idonka.